Tsara Aikin Kwashe Ɓaraguzai da Farfaɗo da Gari Bayan Ambaliya: Darussa ga Gusau, Bungudu da Tsafe

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci yadda ake tsara aikin kwashe ɓaraguzai da farfaɗo da gari bayan babbar ambaliya, inda ta ɗauki birnin Gusau da garuruwan da ke kewaye da shi a ƙananan hukumomin Bungudu da Tsafe, ciki har da Furfuri, a matsayin farfajiyar nazari. An bi hanyar kwatance tsakanin ɓallewar madatsar ruwan Gusau a 2006, da aikin kwashe ƙasa mai gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum daga 2010 zuwa 2013, da ambaliyar Maiduguri ta 2024. Nazarin ya gano cewa ba ƙarancin hannaye ne ke jinkirta aikin a wannan yanki ba, domin al'adar gayya tana samar da su; abin da ke jinkirta shi shi ne rashin yanke shawara tun kafin damina a kan inda za a kai tarkace, da yadda za a rarrabe shi, da wanda zai ja ragamar aikin.

1.0 Gabatarwa

Idan ambaliya ta auka wa gari, hankalin hukuma da na kafofin watsa labarai yakan tattaru a kan ceton rai da rabon kayan agaji, alhali aikin da ya fi cin lokaci da kuɗi yana farawa ne bayan ruwa ya janye, lokacin da mutane suka koma suka tarar da ganuwar gidajensu ta zube, laka ta cika lunguna, rijiyoyi sun gauraya da masai, hatsin da ke rumbu ya fara ruɓewa. A wannan takarda, ɓaraguzai na nufin duk abin da ya zube daga gini, kamar ƙasa da bulo da azara da kwano, tarkace kuwa ya haɗa ɓaraguzai da sauran abin da ruwa ya lalata ko ya kwaso, kamar katifu da mushe da leda da laka. Farfaɗowa ita ce komawar gari kan harkokinsa na yau da kullum: ruwan sha, da kasuwa, da makaranta, da matsuguni.

Gusau ta zama babban birnin jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma tun daga lokacin take faɗaɗa, ga kuma 'yan gudun hijirar da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka a shekarun baya-bayan nan, waɗanda da yawansu ba su samun matsuguni sai a wuraren da ba su da tsada, wato gangare da bakin kwata da gine-ginen da ba a kammala ba. Birnin yana bakin Gulbin Sakkwato, wanda ke ratsa shi ya wuce Bungudu ya zuba a madatsar Bakolori, kuma babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Tsafe ita ce ta ratsa Gusau da Bungudu zuwa Sakkwato. Saboda haka gulbi ɗaya da hanya ɗaya sun ɗaure waɗannan garuruwa wuri guda, ta yadda ba za a iya tsara farfaɗowar ɗayansu ba tare da la'akari da sauran ba. Manufar takardar ita ce fito da jerin ayyuka da rabon nauyi da suka dace da irin gine-gine da shugabancin wannan yanki.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Masana sun kalli farfaɗowa bayan bala'i ta fuskoki uku. Fuska ta farko ita ce ta matakan lokaci. Haas da Kates da Bowden (1977) sun kasa farfaɗowar birni gida huɗu: matakin gaggawa, da matakin gyaran abin da zai gyaru, da matakin sake gina abin da ya rushe, da matakin manyan ayyukan inganta gari, kuma sun lura cewa mataki na biyu da na uku kowannensu yakan ɗauki kusan ninki goma na lokacin wanda ya gabace shi. Amfanin wannan ra'ayi shi ne nuna cewa jinkirin mako guda a farkon aiki yana iya zama jinkirin watanni a ƙarshensa, sai dai an gina shi ne a kan biranen da ke da inshora da rajistar filaye da manyan injina.

Fuska ta biyu ita ce ta zamantakewa. Ayyukan Quarantelli da Dynes, waɗanda ke cikin masu kafa cibiyar nazarin bala'o'i a jami'ar jihar Ohayo ta Amurka a 1963, sun nuna cewa mutanen da bala'i ya shafa ba sa zaman jiran hukuma, su ne ke fara ceto da gyara ta hanyar ƙungiyoyin da ke tsirowa nan take. Aldrich (2012) ya ƙara da cewa ƙarfin zumunci tsakanin mazauna unguwa yana taka muhimmiyar rawa wajen saurin farfaɗowarta. A ƙasar Hausa, Hill (1972) ta bayyana aikin gayya a nazarinta na Batagarawa, Watts (1983) kuma ya nuna yadda mulkin mallaka da tattalin arzikin kasuwa suka raunana hanyoyin da talakawa ke bi su tallafi juna a lokacin yunwa. Abin da ake ɗauka daga nan shi ne gayya ƙarfi ce ta gaske, amma tana da iyaka, musamman idan masu gayyar su ma abin ya shafe su.

Fuska ta uku ita ce ta sarrafa tarkace. Brown da Milke da Seville (2011) sun yi bitar ayyukan da aka gudanar a wannan fanni, kuma a shekarar ce hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da jagoran sarrafa sharar bala'i. Misalai biyu sun shahara. Girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu, 2010 ta bar ɓaraguzai kimanin kubik mita miliyan 10, kuma bayan shekara guda kaɗan ne aka kwashe, saboda ƙuncin hanyoyi, da rikicin mallakar filaye, da ƙarancin wurin zubarwa. Japan kuwa, bayan girgizar ƙasa da igiyar teku ta 11 ga Maris, 2011, ta fuskanci tarkace kusan tan miliyan 20 ban da lakar teku, amma ta ware matattarai na wucin gadi, ta rarrabe kayan, ta kammala mafi yawan aikin a watan Maris na 2014, tare da sake sarrafa fiye da kashi 80 cikin ɗari. Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka shi ne kusan dukkansu sun dogara ga ginin kankare da katako, ba su yi magana a kan garin da ginin ƙasa da masai na rami da rijiyar cikin gida suka yi yawa a cikinsa ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance, wato jera aukuwa fiye da ɗaya a auna su da ma'auni guda. An zaɓi ambaliyar Gusau ta 2006 saboda a farfajiyar nazarin ta auku, da aikin gubar dalma saboda shi ne aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa mafi tsari da aka gudanar a jihar, da ambaliyar Maiduguri saboda girmanta da kusancin yanayinta. Bayanan sun fito ne daga abin da aka wallafa a kan waɗannan aukuwa, da kundin tsarin mulki na 1999, da dokar da ta kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, a shekarar 1999. An auna kowace aukuwa da tambayoyi huɗu: mene ne ya zube, da me aka fara, ina aka kai shi, kuma wa ya ɗauki nauyi. An kuma yi amfani da lissafin misali domin ƙiyasta girman aikin.

4.0 Nazari

4.1 Ambaliyar Gusau ta 2006 da Abin da ta Bayyana

A ranar Asabar, 30 ga Satumba, 2006, cikin watan azumi kuma ana jajibirin cikar jihar shekara goma, madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa da aka yi, inda rahotanni suka nuna cewa ƙofofin sakin ruwa ba su yi aiki yadda ya kamata ba. Rahotannin lokacin sun ambaci mutuwar mutum kusan 40 da rushewar gidaje kimanin 500, ban da gonakin da ruwa ya shafe ana dab da girbi. Abin lura shi ne madatsar ita ce tushen ruwan famfon birnin, don haka bala'in ya zo da fuska biyu a lokaci guda: ruwa ya yi yawa a inda ba a bukatarsa, ya kuma yanke a inda ake bukatarsa. Garin da famfonsa ya tsaya yakan koma ga rijiya da 'yan garuwa, waɗannan rijiyoyin kuwa su ne ambaliya ke fara gurɓatawa.

An ga makamancin haka a Maiduguri, inda madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shiga Kasuwar Monde da fadar Shehu da asibitin koyarwa da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, sannan a watan Oktoba gwamnatin jihar Borno ta sanar da ɓarkewar cutar kwalara. Darasin farko ke nan: a wannan yanki, aikin kwashe tarkace aikin kiwon lafiya ne kafin ya zama aikin gyaran gari, kuma ba da yawan tifar da aka cika ake auna nasararsa ba, ana auna ta ne da yawan rijiyoyi da lungunan da aka raba da ƙazanta.

4.2 Yawan Ɓaraguzai da Rabe-rabensu

Ana iya fahimtar girman aikin da lissafin misali. Ɗakin ƙasa mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4, wanda bangonsa ya kai mita 3 a tsaye da kaurin santimita 40, yana ɗauke da ƙasa kimanin kubik mita 19. Idan aka ɗauka kowane gida yana da irin wannan ɗaki huɗu, ba tare da lissafa zaure da katanga ba, gidaje 500 za su ba da kubik mita 38,000. Tifar da ke ɗaukar kubik mita 10 za ta bukaci sawu 3,800, kuma ko da an sami tifa goma kowacce tana yin sawu biyar a rana, aikin zai ci kwana 76. Wannan ya nuna cewa tunanin kwashe komai a fitar da shi bayan gari ba mai yiwuwa ba ne, kuma ba a ma bukatarsa, domin mafi yawan abin da ya zube daga ginin ƙasa dukiyar mai gida ce.

Saboda haka takardar ta kasa tarkace gida huɗu. Kashi na farko shi ne abin da mai gida zai sake amfani da shi: azara, da kwanon rufi, da ƙofofi, da tagogi, da ƙasar bango wadda ba ta haɗu da masai ba, wadda magina kan sake kwaɓawa. Wannan kashi ba ya barin harabar gida, kuma katafilar da ta ture shi ta ƙara wa mai gida hasara a kan hasara. Kashi na biyu shi ne abin da kasuwa ke ɗauka da kanta, kamar rodi da langa-langa da robobi, waɗanda 'yan gwangwan ke saye, da fasassun bulo da kankare da ake cike ramukan hanya da su. Kashi na uku shi ne mai ruɓewa: mushe, da jiƙaƙƙen hatsi, da katifu da tsummokaran da suka sha ruwa. Kashi na huɗu shi ne mai haɗari: lakar da ta gauraya da bayan gida, da maganin feshi da takin zamani daga shagunan kayan noma, da batura, da baƙin mai daga garejin makanikai, da sharar asibiti da ta kantin magani, da fasasshen silin na asbesto wanda ƙurarsa ke illata huhu. Kashi na uku da na huɗu su ne mafi ƙaranci a yawa, amma su ne hakkin hukuma kai tsaye, kuma a kansu ya kamata a kashe man tifa.

4.3 Jerin Ayyuka

Tsari yana nufin sanin abin da ke gaba da wani. Aiki na farko shi ne neman waɗanda suka ɓace da suturta mamata. Ambaliyar garin Mokwa ta 29 ga Mayu, 2025, wadda ta shafi unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa ta kuma hallaka mutum fiye da 150, ta nuna yadda gawawwaki ke maƙalewa a ƙarƙashin ɓaraguzai da laka. Don haka bai kamata babban inji ya shiga unguwa ba sai mai unguwa da liman sun tabbatar da ƙidayar mutanensu. Masana kiwon lafiya sun tabbatar cewa gawar wanda ruwa ya ci ba ta cika haddasa annoba ba, saboda haka akwai damar a gane kowane mamaci a rubuta sunansa kafin a yi masa sutura, abin da ke da muhimmanci ga gado da takaba.

Aiki na biyu shi ne buɗe hanyoyin da ke kaiwa asibiti da matatar ruwa da maƙabarta da kasuwa, inda za a ture tarkace gefe kawai ba tare da ɗauka ba. A Gusau wannan ya shafi hanyoyin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da kuma babbar hanyar Tsafe wadda agajin da ya taso daga Zariya ko Kaduna zai bi. Aiki na uku shi ne ruwan sha: a sa alama a kan duk rijiyar da ruwa ya shiga, a hana ɗiba, a yashe ta, a zuba sinadarin kulorin, duba-gari ya gwada kafin a buɗe, sannan a tattara 'yan garuwa a nuna masu wuraren da aka amince su ɗebo. Aiki na huɗu shi ne binne mushe a rami mai zurfi nesa da rijiya da gulbi, da cike masan da suka rufta, da haƙa na wucin gadi. Aiki na biyar shi ne yashe kwatoci da kwalbatoci, domin ambaliyar da ta zo a watan Agusta takan bar sauran damina a gaba, kuma kwatar da ta toshe za ta mayar da ruwan sama na yau da kullum wata sabuwar ambaliya. Sai bayan waɗannan ne ake shiga gida-gida, kuma kafin a taɓa kowane gida dole a rubuta hasararsa a ɗauki hotonta, domin ɓaraguzan su ne shaidar mai gida a ranar rabon tallafi.

4.4 Matattara, Kududdufi da Gulbi

Matattarar wucin gadi fili ne da ake tara tarkace a rarrabe shi kafin a kai kowane kashi inda ya dace. Idan ba a ware ta ba tun da rani, direban tifa zai zaɓa da kansa, kuma zaɓinsa ba ya wuce wuri uku: kududdufi, ko bakin gulbi, ko gonar da ke bayan gari. Kowannensu yana da illa. Kududdufi rami ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina unguwa, kuma shi ne ke riƙe ruwan saman unguwar idan kwata ta cika. Cike shi da tarkace yakan jawo a yanka shi filaye a yi gini a kai, ruwan da yake riƙewa kuma ya koma cikin gidaje, kamar yadda aka daɗe ana kokawa a birnin Kano. Abin da aka zuba a bakin gulbi a Gusau kuwa zai gangara Bungudu ya doshi Bakolori, inda ake noman rani da kamun kifi. Gonakin bayan gari su ma ba kango ba ne, mallakar mutanen garuruwan kewaye ne irin su Furfuri, waɗanda ba za a ɗora masu sharar birni ba sai da yardarsu.

Matattarar da ta dace ita ce wadda ke kan tudu, nesa da rijiya da fadama, kusa da hanyar da tifa za ta bi da damina, mai faɗin da za a ware wa kowane kashi ɓangarensa, kuma wadda ke da mai gadi. Yanayin tsaro ya ƙara sharaɗi guda: filin da ke da nisa a cikin daji, a ɓangaren Tsafe ko na Bungudu, ba zai yi amfani ba idan direbobi suna tsoron zuwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da su, don haka ware matattara yana bukatar yarjejeniya a rubuce tsakanin jiha da ƙananan hukumomin uku da masarautunsu, wadda za ta fayyace wa'adin amfani da filin da yadda za a gyara shi a mayar wa masu shi.

4.5 Rabon Nauyi Tsakanin Hukuma, Sarauta da Gayya

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara da kula da magudanan ruwa da maƙabartu da kasuwanni, amma manyan injina da kuɗi suna hannun jiha, daidaita agaji a matakin ƙasa kuma yana hannun NEMA. Inda nauyi ya rabu haka, kowa yakan jira ɗan'uwansa. Mafita ita ce cibiyar umarni guda ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ta jiha, wadda ma'aikatun muhalli da lafiya da ayyuka da hukumar ruwa ke da wakilai a cikinta, tare da wakilan Sarkin Katsinan Gusau da Sarkin Fulanin Bungudu da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Kwatarkwashi. Sarauta ce ke da tsanin da ya sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kuma mai unguwa ne ya san gidan da akwai tsohuwa ita kaɗai, da gidan marayu, da iyakar da ke tsakanin maƙwabta bayan katanga ta faɗi.

Jihar tana da misali a cikin gida. A 2010 aka gano gubar dalma da ta samo asali daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda ta hallaka yara fiye da 400. Daga 2010 zuwa 2013 ma'aikatar muhalli ta jiha, da haɗin gwiwar TerraGraphics da Blacksmith Institute da ƙungiyar likitoci ta MSF, ta jagoranci kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje 820 da wuraren sarrafa dutse a ƙauyuka takwas, ciki har da Dareta da Yargalma da Abare da Bagega. Mafi yawan aikin da hannu aka yi shi, an kai ƙasar ramukan da aka tanada musamman, an kuma shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta a madadinta. Darussa uku ne a nan: an auna kafin a haƙa, an tanadi wurin zubarwa kafin a fara kwasa, kuma an ɗauki mutanen gari aka horar da su. Akwai kuma darasi na huɗu a jinkirin Bagega, inda aikin ya tsaya jiran kuɗin gwamnatin tarayya har farkon 2013, alhali ba a iya fara yi wa yara magani ba sai an tsabtace gidajensu.

Gayya ta dace da kashi na farko da na biyu na tarkace da kuma yashe ƙananan kwatoci, inda ƙungiyoyin matasan unguwa da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da na Red Cross za su yi aiki da shebur da baro da kura a lungunan da tifa ba ta shiga. Amma ba daidai ba ne a tura mai gayya cikin lakar masai ko shagon maganin feshi ba takalmin roba ba safar hannu, kuma ba a sa yara a aikin. Haka nan shiga gidajen da mata ke kulle yana bukatar mata ma'aikatan lafiya a cikin kowace tawaga, domin su ne za su isa madafa da randa da rijiyar tsakar gida.

4.6 Kuɗin Aiki

Gayya ba ta wuce kwanaki, saboda mai gayya yana da iyalin da zai ciyar, ga shi kuma ambaliya tana zuwa ne lokacin da gona ke bukatarsa. Bayan kwanakin farko ya kamata aikin ya koma na lada, a fifita waɗanda abin ya shafa wajen ɗauka, ta yadda kuɗin kwashe tarkace zai zama jarin sake gini. Hanyoyin samun kuɗin sun haɗa da asusun kula da muhalli na tarayya da aka kafa a 1981, da kason ƙananan hukumomi wanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha wadda za ta iya ɗaukar nauyin gidajen marayu da gajiyayyu. Biyan masu tifa ya kamata ya dogara ga takardar shaidar sauke kaya a matattara, domin biya bisa yawan sawu kawai yana ƙarfafa zubarwa a hanya.

5.0 Sakamako da Shawarwari

Nazarin ya fito da sakamako uku. Na farko, haɗarin tarkace a wannan yanki yana cikin ƙaramin kasonsa ne, wato lakar masai da mushe da sinadarai, mafi yawansa kuwa kayan gini ne da za a sake amfani da su. Na biyu, duk shawarar da ke jinkirta aiki, kamar wurin matattara da mai ba da umarni da hanyar biyan kuɗi, ana iya yanke ta tun da rani. Na uku, gulbi da hanya sun sa tsarin ƙaramar hukuma ɗaya ba zai wadatar ba.

Bisa haka ana ba da shawarar cewa, da zarar hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da al'amuran ruwa ta NIHSA sun fitar da hasashensu na shekara, cibiyar umarni ta zauna ta sabunta matattarai da rajistar masu tifa da katafila da farashin hayarsu. A gwada ƙofofin madatsar Gusau kafin faɗuwar damina. Kowane mai unguwa ya riƙe jerin rijiyoyi da kududdufan unguwarsa, a kuma hana yanka kududdufi filaye. A ajiye kulorin da kayan kariya a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. Wajen sake gini, a bi manufar yarjejeniyar Sendai ta 2015 zuwa 2030, wato gina abin da ya fi na da inganci: a ɗaga harsashi da dutse ko bulo sama da inda ruwa ya kai, a nisanta masai da rijiya, a kuma sauya wa mazauna bakin gulbi matsuguni bayan shawara da su. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, za ta iya zana taswirar wuraren da ruwa ke kwanciya.

6.0 Kammalawa

Takardar ta bi ra'ayoyin masana a kan farfaɗowa, ta auna su da abin da ya faru a Gusau da ƙauyukan gubar dalma da Maiduguri, ta kuma nuna cewa tsarin da aka gina a kan biranen kankare yana bukatar gyara kafin ya dace da garin ƙasa da rijiya. Abin da Gusau da Bungudu da Tsafe ke bukata shi ne rubutaccen tsari guda da ya ambaci matattara da sunanta, ya jera ayyuka bisa fifiko, ya raba nauyi tsakanin hukuma da sarauta da gayya, kuma a riƙa sabunta shi kowace shekara kafin watan Yuni. Akwai bukatar bincike na gaba ya auna ainihin yawan ɓaraguzan da gidan ƙasa ke bari, da tsawon lokacin da rijiyar da ambaliya ta shiga ke ɗauka kafin ruwanta ya sake shawuwa.